Fitilar da Ba Ta Mutu Ba

Idan ka ga wani dogon tsoho siriri yana ratsa titunan Yola da rana tsaka, igiya a kafaɗa, fitilar ƙwai a hannu, kada ka yi saurin cewa ya taɓu. Bobboyi ne, mai haƙar rijiya na unguwar Mbamba, kuma hankalinsa ya fi na masu yi masa dariya. Masu keke sukan rage gudu su tsokane shi: "Bappa, ranar nan duk ba ta ishe ka ba?" Ko kallonsu ba ya yi. Da sun san yadda aka yi fitilar nan ta dawo hannunsa, wallahi da sun kama bakinsu.

Bobboyi gadon haƙa ya yi wurin mahaifinsa Bakari. Abu uku tsohon ya bar masa: diga, fitila, da igiya mai ƙulle-ƙulle. Kowane ƙulli gaba ɗaya ne, wato tsawon hannu biyu idan mutum ya buɗe su. A zamanin Bakari, in ka haƙa gaba shida a Mbamba ƙafarka ta jiƙe. Igiyar ƙulli takwas gare ta, biyun kuwa na ko-ta-kwana ne kawai.

Ita fitilar tana da doka. Bakari ya ce wa ɗansa kowace rijiya tana da masu ita, kuma ba a faɗa wa gidan mutane babu sallama. Kafin wani ya sa ƙafa a rami, sai a kunna fitila a ɗaura ta a igiya a zura ta a hankali har ƙasa. In ta isa tana ci, masu gida sun amsa, a shiga. In ta mutu a hanya, sun ƙi. Sai a bar bakin rijiyar a buɗe kwana uku, a ɗaure rassan darbejiya masu ganye a igiya, a yi ta zura su ana jawowa safe da yamma, ana ba su haƙuri. Bayan nan a sake gwadawa. Bakari bai ƙara bayani a kan haka ba, don shi ma iyakar abin da nasa uban ya ba shi ke nan. Modibbon unguwa, wato babban malaminsu, ya taɓa kiran Bobboyi ya ce masa wannan camfi ne, Musulmi bai kamata ya riƙe shi ba. Bobboyi ya durƙusa ya ce to, Allah gafarta. Da gari ya waye ya kunna fitilarsa.

Cikin shekara arba'in sau goma sha ɗaya ta mutu masa a rami, kuma sau goma sha ɗaya ya naɗe igiyarsa ya tafi, mai gida na faɗa ko ba ya faɗa. Bai gina gidan bulo ba, bai je Makka ba, matarsa Aishatu har yau da icce take girki. Amma akwai abu ɗaya da yake faɗa yana ɗaga kai: tun da yake, ba a taɓa fito da gawa daga igiyarsa ba. Wannan ce dukiyarsa, kuma duk Yola ta san da ita.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun masu bindiga, mutane suka kwararo Yola da Jimeta kamar an ɓalle bakin kogi. A cikinsu akwai Abednego da matarsa Keturah, daga wajen Michika. Su biyar suka baro gida, su biyu suka iso. Ba wanda ya taɓa jin sauran labarin daga bakinsu. Suka samu ɗaki ɗaya a unguwar Demsawo ta Jimeta wurin wani ɗan cocinsu, Abednego ya shiga neman aikin ƙarfi. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ɗan shekara talatin da wani abu, ga yawan dariya kamar ba shi ne ya ga abin da ya gani ba. A lokacin gwiwoyin Bobboyi sun fara ba shi wahala, saboda haka suka daidaita: Abednego ya riƙa sauka, Bobboyi ya riƙe igiya.

Kwana biyu da fara aikin, Keturah ta hau mota ta zo har Mbamba. Ta gaida Aishatu, ta durƙusa gaban Bobboyi, ba ta yi wani zagaye-zagaye ba.

"Bappa, shi kaɗai ya rage mani. Bindiga ba ta same shi ba. Kar rami ya cinye mani shi."

Bobboyi ya miƙa hannu ya sauko da fitilar daga ƙusa, ya ajiye a gabanta, ya gaya mata dokar Bakari daga farko har ƙarshe. "Mijinki ba zai taɓa sauka ba sai wannan ta riga shi, ta kuma isa da ranta. Na yi maki alkawari." Keturah ta daɗe tana kallon fitilar, sannan ta ce ta yarda.

Shekara kusan goma suka yi tare. Abednego yana da wata ɗabi'a: da ya isa ƙasan rijiya sai ya ɓarke da waƙoƙin coci, muryarsa na tasowa daga rami kamar daga cikin tulu. Bobboyi yakan leƙa ya ce, "Kai arnen banza, za ka kore mana ruwa!" Abednego ya amsa daga ƙasa, "Bappa, ja guga, bar wa'azi!" Amma gaskiyar magana, waƙar nan ce hankalin Bobboyi. Muddin tana tashi, ya san mutuminsa lafiya lau yake.

Ruwa kuwa sai gudu yake. Igiyar Bakari ta gaza, aka yi mata ƙari, aka sake yi mata ƙari. Inda ake samun ruwa a gaba shida ya koma tara, tara ta koma goma sha biyu. Rijiyoyin da Bobboyi ya haƙa yana saurayi suka riƙa ƙafewa tun kafin tsakiyar rani. Damina ta zama marar kan gado: ta makara, ta zo a fusace ta cinye gonakin bakin Binuwai, ta ɗauke ba sallama. Zafin bazara kuwa ba a magana. Tsofaffi suka fara cewa su dai ba wannan Yolar suka sani ba.

A unguwar Ajiya akwai wata majalisa ƙarƙashin darbejiya, ƙofar gidan Alhaji Muktar mai ƙaramin gidan mai. Nan Bobboyi yake yada zango in ya taso aiki. Babban abokin gardamar Alhaji shi ne Malam Zadok, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, wanda ke tasowa tun daga Jimeta a kan babur don kawai a yi musu. Shekara talatin suna abota, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Duniya ce take ɗumama," in ji Malam Zadok, yana buga jarida a gwiwa. "Hayaƙin fetur, hayaƙin gawayi, hayaƙin janareto. Masana sun auna, ba a mafarki suka gani ba."

"Masanan wa?" in ji Alhaji Muktar. "Ticha, kai fa karatu ya yi maka yawa. Turawa sun ƙona nasu man shekara ɗari sun gina ƙasashensu, yanzu da aka zo kanmu sai su ce hayaƙi haramun ne? Su sayar mana da faifan sola, mu rufe gidajen mai? Ina! Zafi na Allah ne. Kakana ma ya ga fari."

Wata rana Malam Zadok ya fizgi igiyar Bobboyi ya ɗaga ta sama. "Ga shaida! Malam Bobboyi, gaya masa, ƙulli nawa ka gada, nawa ne yanzu?"

"Takwas. Yanzu sha biyar."

"Ka ji ko!"

"Na ji," in ji Alhaji. "Tambaye shi bohol nawa aka huda a garin nan tun da 'yan gudun hijira suka zo."

Bobboyi ya karɓe igiyarsa ya naɗe. Shi a ganinsa dukansu biyu suna da gaskiya, dukansu kuma surutu ya yi musu yawa. Mai bohol yana zuƙe ruwan maƙwabcinsa ta ƙarƙashin ƙasa, wannan ya gani da idonsa. Sama kuma ta canza hali, wannan ma ba sai an karanta masa a jarida ba. Abin da ya dame shi daban ne, ba kuma wanda ya tambaye shi: rami in ya yi zurfi halinsa yakan canza. Cikin sau goma sha ɗayan da fitila ta mutu masa, shida a 'yan shekarun nan ne. Masu rijiya sun fara saurin fushi.

Sai aka cire tallafin mai. Kananzir, wanda da ma ya yi tsada, ya zama abin da ake saye a 'yar kwalbar magani. Wata rana a majalisa Bobboyi ya yi ƙorafi cewa kuɗin man fitila ya kusa kai na abincin rana. Malam Zadok ya tambaye shi me mai aikin rana yake yi da fitila.

"Sallama nake yi wa rijiya da ita."

Malam Zadok ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sallama! Kai, mutanenmu. Aljannu ne za su amsa?" Bai ƙara tambaya ba. Da ya ƙara ko da guda ɗaya ce, da yau labarin nan ba haka yake ba. Amma mutum ne mai son koyarwa, ba mai son tambaya ba. Bayan mako guda ya zo da kyauta a kwali: fitilar sola, fara tas, mai marataya. "Ka shanya ta a rana, shi ke nan. Ba kananzir, ba hayaƙi, ba ashana. Iska ma ba ta kashe ta. Ka gaida aljannunka da ita kyauta." Ya yi haka ne da zuciya ɗaya, da kuɗin fanshonsa.

Bobboyi ya yi kwana biyu yana juya abin a ransa. Fitila dai fitila ce. Wanda ya iya hure wuta daga nesa, wannan 'yar robar za ta gagare shi? Ya gwada ta a wata rijiya a Mbamba, ta sauka tana haske, ta ma nuna masa ƙasan ramin fiye da tsohuwar. Abednego ya yi murna, ya roƙi tsohuwar fitilar ya kai wa Keturah, don ta ce tana son ta riƙa ganinta a ɗaki. Wata biyar suka yi da sabuwar, rijiya tara, ko sau ɗaya ba ta mutu ba. Sau ɗaya dai Abednego ya fito yana cewa kansa na sarawa, suka ce rana ce. Bobboyi har ya gaya wa Aishatu cewa da alama masu rijiya sun fi son ta zamani.

Bazarar da ta biyo baya ta zo da zafin da ba a taɓa gani ba. Bayan ƙaramar salla wutar lantarki ta ɗauke, mako ɗaya, biyu, uku. Bohol ba ya tashi sai da wuta ko janareto, fetur kuwa ya yi tsadar da har Alhaji Muktar mai sayar da shi ya fara jin zafin zuba wa nasa injin. 'Yan ga-ruwa suka ninka kuɗin jarka. Mutane suka tuna da tsofaffin rijiyoyin da suka rufe. Alhaji ya aika a kira Bobboyi: akwai ta bayan gidansa, wadda aka ɗora wa murfin kankare shekara shida da suka wuce, a buɗe ta a yashe a ƙara mata zurfi.

Da hantsi suka iso ranar Talata. Mutum huɗu suka taru suka ture murfin. Wani ɗumi mai wari ya taso, irin na ruɓaɓɓen ganye. Bobboyi ya tsaya yana kallon bakin ramin. Tsohuwar rijiya in aka buɗe ta, kyankyasai sukan watse, tsaka ta ruga, wani lokaci jemage ya fito. Wannan ko ƙwaro ɗaya bai motsa ba. 

Ya kunna fitilar ya zura. Ƙulli biyar, takwas, goma, goma sha uku. Ta zauna a kan busasshiyar laka tana haske fes. Ya jawo ta. Ya sake zurawa, abin da bai saba yi ba. Ta sake isa lafiya.

"Bappa, fitila ya ce a shiga," in ji Abednego da Hausarsa ta Jimeta, yana cire riga.

"Bari mu ba ta kwana ɗaya."

Alhaji Muktar, wanda ke tsaye a inuwa da carbi, ya ce, "Haba Bobboyi, gidan nan ko na alwala babu. Kai da bakinka ka ce in ta ci an amsa. To ga shi ta ci har sau biyu."

Gaskiya ne. Doka ta cika, ba abin da ya rage. Bobboyi ya ɗaura wa Abednego igiya a ƙugu da hannunsa, ya rataya masa fitilar a wuya, ya ce bisimilla. Abednego ya fara waƙa tun daga gaba ta uku. Muryar ta yi ta nisa. A ƙasa ya kwance igiyar daga ƙugunsa kamar kullum don a zuro masa guga da diga, ya ajiye fitilar a gefe. Waƙar ta ɗan ja, kamar ta mai jin barci. Ta sake tashi. Ta tsaya a tsakiyar kalma.

"Abednego!"

Shiru.

"Kai, Abednego! Bar wasa!"

Bobboyi ya leƙa. Hasken nan fari ya nuna masa komai: mutuminsa zaune ya jingina da bango, kai a sunkuye, hannu ɗaya a kan gwiwa. Tsohon ya manta da gwiwoyinsa. Ya ɗaura igiyar a nasa ƙugu, ya ce wa mazan su riƙe, ya faɗa ramin. Wajen gaba ta goma ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, kunnuwansa suka toshe, bangon ya fara juyawa. Abin da ya tuna na ƙarshe shi ne yana miƙa hannu. Sai farkawa ya yi a waje, ana sheƙa masa ruwan jarka, Alhaji Muktar na ta salati.

Sai bayan azahar aka fito da Abednego, da ƙugiyar ciro guga da ta kama ɗamarar wandonsa. Jikinsa ba ƙwarzane ko ɗaya.

Malam Zadok ya iso a kan babur ana shirin ɗaukar gawar. Ya tambayi yadda aka yi. Bobboyi, yana zaune a ƙasa, ya gaya masa da muryar da ba tasa ba: an yi sallama, an amsa, har sau biyu. A ranar ne Malam Zadok ya fara jin dokar Bakari gaba ɗayanta, mutuwar fitila da kwana uku da rassan darbejiya. Fuskarsa ta canza. Ya nemi guntun kyandir daga cikin gida, ya kafa shi a gwangwani, ya kunna, ya ce a zura. Kowa ya zagaye bakin rijiyar. A ƙulli na tara harshen wutar ya ƙanƙance ya yi shuɗi. A na goma ya mutu. Can ƙasa kuwa fitilar sola na nan tana haske abinta.

"Wuta tana numfashi kamar mutum," in ji Malam Zadok. "Inda ta kasa rayuwa, mutum ma ba zai rayu ba. Ganyen da kuke zurawa, gurɓatacciyar iskar yake korowa. Mahaifinka ya san abin da yake yi, Malam Bobboyi. Ita wannan ba ta numfashi. Ko a cikin kabari za ta ci." Ya dafa bango. "Ni na ba ka ita. Na yi maka dariya, ban tambaye ka ba."

Wani daga cikin taron ya ce ai ga irin abin da solar Turawa ke jawowa. Wani ya ce da akwai wuta da ba a buɗe rijiyar ba. Wani ya ce kwana ne ya ƙare. Gawa na kwance a tabarma, su har sun fara. Bobboyi ya tashi ya bar musu wurin. Ya ce ba wanda zai kai labari Demsawo sai shi.

Ya tarar da Keturah a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti. Ta ɗago ta gan shi shi kaɗai, rigarsa duk laka, ba igiya. Ta ajiye farantin a hankali. Ba ta yi ihu ba. Wadda ta baro uku a hanya ta riga ta san kamannin irin wannan zuwan.

"Bappa, ka saka fitila?"

"Na saka."

"Ta mutu, ka bar shi ya shiga?"

"Ba ta mutu ba." Ya durƙusa a gabanta, shi da a haife ya haife ta. "Tana can tana ci har yanzu."

Ya gaya mata abin da Malam Zadok ya ce, bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ta saurara har ya gama. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar fitilar Bakari, ƙwanta a goge tas, don kullum sai ta goge ta. Ta ajiye ta a ƙasa tsakaninsu, daidai yadda ya taɓa ajiye mata ita a Mbamba.

"A kan wannan ka yi mani alkawari," ta ce. "Wata biyar tana rataye a kan gadonmu. Kullum in ya fita sai in dube ta in ji hankalina ya kwanta." Ta tura ta gabansa da yatsa. "Ɗauki kayanka, Bappa."

Ya ɗauka. Tun daga ranar bai sake haƙa ko taƙi ɗaya ba. Amma rani na ƙara tsawo, ruwa na ƙara nisa, kuma kowace bazara sababbin mahaƙa na shiga tsofaffin ramuka da tocilar waya a baki. Duk inda Bobboyi ya ji an buɗe rijiya, a Yola ko a Jimeta, sai ya sayi kananzir na 'yar kwalba ya kama hanya da ƙafa. Wasu sukan bar shi ya zura fitilarsa. Wasu su ce Bappa ya tsufa, su ba shi na goro su sallame shi. In sun kore shi ba ya tafiya. Yakan koma gefe ya tsuguna da fitilar a kunne, ya kasa kunne wajen ramin, yana jira ya ji ko na ƙasa yana magana.